Zauren Kimiyya: Ginin da Ake Aunawa da Sakan

 Da za a ba ku fili a ce ku zana tashar 'yan kwana-kwana, ta ina za ku fara? Mai zanen gine-gine da agogo yake farawa. A Amurka, ƙa'idar NFPA 1710 ta ba ma'aikata sakan 80 kacal daga jin ƙararrawar gobara zuwa tashin mota. Sai ya ƙirga taku daga makwanci zuwa gareji, ya rage ƙofofi da lunguna. Wannan gaggawar ce ta sa a birnin Shikago, a 1878, aka kafa sandar da ake sulalowa daga bene.

Daga nan sai injiniya. Kun san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tankar lita 10,000 tana ɗauke da tan 10, ban da nauyin motar. Daɓen da bai sha rodi ba sai ya tsage. Hayaƙin dizal kuma a yi masa mafita, kada ya bi masu barci ɗaki.

A ganina zaɓen fili ya fi wuya. Idan ƙofar tasha tana kallon cunkoson kasuwa, motar za ta tashi a kan lokaci ta tsaya tana jiniya a bakin titi.