Filin Mata: Kwamfuta Da Batir A Cikin Jirgin Sama

 Maganarmu ta wannan mako a kan shirya kayan tafiyar jirgin sama ce. Kun sani dai, ko maigida ne zai tafi fatauci Dubai, ko yaro zai koma karatu Masar, ko gyatuma za ta Umra, galibi mace ce ke shirya akwati. Ashe kuwa ya kamata mai shirya akwati ta san abin da za ta sa a ciki, da abin da za ta riƙe a hannu, da dalilin ko wanne.

A filayen jirgi da yawa ma'aikata kan ce a fito da kwamfuta daga jaka, a aza ta ita kaɗai cikin tire, ta bi ta na'ura mai gani har hanji. Waɗansu kan ɗauka neman wulaƙanci ne. Ko kusa. Batir da ƙarafan da ke cikin kwamfuta su kan tare wa na'urar gani, mugaye kuwa sun daɗe da gane wannan. Cikin Disamba 1988 bom ya tarwatsa wani jirgin Amurka a bisa garin Lokabi na ƙasar Birtaniya, mutum 270 suka hallaka. A cikin rediyo mai kaset aka ɓoye shi. Cikin Fabrairu 2016 kuma wani ya shiga jirgi a Mogadishu ta ƙasar Somaliya da kwamfuta mai bom a ciki. Ya tashi, ya huda gefen jirgin, iska ta fizge mutumin waje. Allah ya kiyaye, direba ya juyo ya sauka da sauran jama'a.

Tsoron irin wannan ne ya sa cikin Maris 2017 Amurka ta kafa doka a kan jiragen da ke zuwa ƙasarta daga filaye 10 na ƙasashe 8, cikinsu har da Jidda, da Riyad, da Alkahira, da Dubai, da Istanbul. Dokar ta ce duk kayan lantarki da ya fi wayar hannu girma kada fasinja ya shiga da shi wurin zama, sai dai a sa a akwati a kai ƙasan jirgi inda a ke loda kaya. Ingila ma ta yi irin tata a kan ƙasashe 6.

To, a nan ne magana ta zama gaba kura baya sayaki. Masana suka ce tara kwamfutoci a ƙasan jirgi wani haɗari ne dabam. Batirin waya da na kwamfuta, watau wanda a ke yi da sinadarin litiyam, idan ya matsu, ko ya fashe, ko ya yi zafi ƙwarai, ya kan kama wuta da kansa, wutar kuwa mai wuyar kashewa ce. In a wurin zama ta tashi, wani zai ga hayaƙi, ma'aikata su zo da abin kashe wuta da ruwa. In kuwa can ƙasa ne tsakanin akwatuna, wa zai kai hannu? Cikin Yuli 2017 Amurka ta janye dokarta bayan filayen nan sun ƙara tsananta bincike. Yanzu dai ba ta aiki, amma maganar batir tana nan daram.

Kada ku ce ai zancen masana ne kawai. Cikin Janairu 2025 wuta ta tashi a ma'ajiyar jaka ta bisa kan fasinjoji cikin wani jirgi a birnin Busan na Koriya ta Kudu, tun bai tashi ba. Mutum 176 da ke ciki duk sun tsira, amma jirgin ya ƙone. Masu bincike sun fi zargin ɗan batirin nan na cajin waya da mu ke kira fawa-banki. Daga Oktoba 2025 kamfanin Emirates ya hana a yi caji da shi cikin jiragensa.

Saboda haka ga abin da za ki riƙe, uwargida. Na farko, fawa-banki da duk batirin da ba a jikin na'ura ya ke ba, a jakar hannu a ke sa su, ba a babban akwati ba. Na biyu, ki duba rubutun da ke jikinsa. In lambar da ke tare da haruffan Wh ba ta wuce 100 ba, watau kimanin 27,000 mAh, galibi ba a hanawa. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura nan kuwa ba ya shiga sam. Na uku, kada ki jefa shi cikin jaka tare da makullai ko sarƙa, gama ƙarfe na iya haɗa bakinsa ya yi tartsatsi. Wanda ya kumbura kuwa a bar shi gida. Na huɗu, ki cika wayarki da kwamfutarki da caji, don a waɗansu wurare a kan ce ki kunna a gani. Na biyar, ko wane kamfani da nasa ƙarin sharaɗi, sai a tambaya tun ranar sayen tikiti.

Saura babbar magana, watau karɓar saƙo. Mu mutane ne masu zumunci da kunya, da wuya a ce mana "don Allah kai wa ɗana wannan" mu ƙi. To, ku ji. Cikin Afrilu 1986 a filin jirgin Landan aka tsai da wata mace mai juna biyu za ta shiga jirgi mai zuwa Isra'ila. Saurayinta ne ya ba ta jaka, ya ce ta yi gaba zai biyo ta a ɗaura aure. Da aka bincika sai ga nakiya a ƙasan jakar, abin tayar da ita kuwa cikin 'yar na'urar lissafi. Baiwar Allah ba ta san kome ba. Kotu ta ɗaure shi shekara 45. Irin wannan ne ya sa a kan tambayi matafiyi ko shi ya shirya kayansa da kansa.

Ban ce a daina taimakon juna ba. Amma in an kawo miki saƙo, ki ce a buɗe a gabanki. Waya ko kwamfuta daga hannun wanda ba ki sani ba kuwa, ki ba shi haƙuri, gama duk abin da aka samu a jakarki ke za ki amsa. Mai gaskiya ba zai ji haushin an buɗe saƙonsa ba.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ga aikinku. Iyayenmu da yawa ba su karanta ƙananan rubutun nan. In za su yi tafiya ku zauna kusa da akwati, ku duba musu lambar batir, ku ware na hannu da na lodi. Amfanin ilmi ke nan.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa.