Kakin goge katako: suna yana nan, haɗi ya sake

A satin da ya wuce na je gaida wani tsohon kafinta, abokin mahaifina, na iske shi ransa a ɓace. An kawo mashi wani babban teburin biro domin ya sake shafa mashi barnish. Sau biyu yana shafawa, sau biyu barnish ɗin yana janyewa, yana barin ƴan ramuka kamar idon kifi. Ya ce da ni: "Ɗana, shekara talatin ina wannan aiki, katako bai taɓa ƙi na ba sai bana." Na ce: "Baba, a tambayi abin da ake goge teburin da shi." Da aka bincika, sai aka gane cewa mai sharar biron yana fesa mashi wani man gogewa mai silikon kowace safiya. Aikin kwana biyu ya zama na sati guda, kuma asarar ta faɗa kan dattijon nan.

Wannan ne ya sa a yau za mu duba kakin goge katako da daɓe, wanda ƴan kasuwarmu ke shigowa da shi ta Kwatano, Lome ko Kano. A can asali, haɗinsa abu biyu ne kawai: kakin zuma, da man tarabantin da ake tatsa daga ƙaron wani icce na ƙasashen sanyi. Shi ne Faransawa ke kira encaustique. Man yana sa kakin ya yi laushi, ya shiga katako, sannan ya bi iska, ya bar kakin shi kaɗai. In aka murza da tsumma sai ya yi sheƙi.

Canji na farko ya zo daga Amurka. A shekara ta 1886, Samuel Curtis Johnson ya sayi wata sana'ar shimfiɗa daɓen katako a garin Racine, cikin jihar Wisconsin. Masu sayen daɓen suka dame shi da tambayar yadda za su kula da shi, sai ya haɗa masu kaki cikin gwangwani. Ba da daɗewa ba kakin ya fi daɓen ciniki. Ƙarfin irin wannan kaki yana zuwa daga karnoba, wani icce mai kama da giginya da ke tsirowa a arewa maso gabashin Barazil. Ana busar da ganyensa, a kakkaɓe garin da ke kansa, a narke. Darajarsa ta kai ga a 1935 jikan Johnson ya tafi har birnin Fortaleza cikin jirgin sama domin ya ga iccen da idonsa.

Dalilin wannan wahala yana cikin lissafi. Kakin zuma yana narkewa wajen digiri 63, karnoba kuwa sai ya wuce digiri 80. Farafin, wanda ake samu daga man fetur, mai arha daga cikinsa yana narkewa tun wajen digiri 50. Mu da zafinmu ke kai digiri 45 a watan Afrilu da Mayu, wannan bambanci ya shafe mu: kakin da farafin ya yi wa yawa yana yin danƙo a kan tebur, ya kama ƙura, ya bar shatar hannu.

Bayan haka masana'antu suka yi ta sake haɗi. Domin rage kuɗi, aka maye tarabantin da white-spirit, shi ma ɗan man fetur. Domin kakin ya bushe da sauri, wasu suka sa toluwen, wanda shaƙarsa ke kawo ciwon kai da jiri; daga baya dokokin kare lafiya da iska a Turai da Amurka suka matsa, aka fito da haɗin da ba shi da toluwen, wanda ya fi jinkirin bushewa. A shekarun 1950, masu bincike na gidan adana kayan tarihi na British Museum a Landan suka haɗa wani kaki na musamman daga man fetur, saboda sun lura kakin zuma da karnoba suna iya yin tsami su ɓata kaya masu daraja. Silikon kuma ya shigo domin sheƙi na nan take, amma in ya shiga katako, fenti da barnish ba su sake kama shi da kyau. A ƙarshen 2021, kamfanin Johnson da kansa ya daina yin kakin gwangwanin da ya ɗaukaka sunansa. Yawancin daɓen katako na yau ana rufe shi da barnish mai ƙarfi wanda ba ya bukatar kaki.

To, ina darasi gare mu? Sunan da ke bisa gwangwani ba ya ba da tabbacin abin da ke ciki. Kama da wane ba ta wane. Ɗan kasuwa, kafin ka ɗauko katan ɗari, ka sayi gwangwani guda, ka sa a karanta maka haɗin, ka ba kafinta ya gwada a kan guntun katako. Ma'aikacin da ke sayen kayan biro, ka tuna cewa araha ba ta ado: man fesawa na jika guda yana iya lalata teburin jika ɗari. Kakin daɓen katako kuma ba a shafa shi bisa karo mai santsi, domin yana kada mutane.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Masu zuma na Gaya, Madarumfa da Magarya suna da kaki, kuma da yawa daga cikinsu zubar da saƙar suke yi bayan sun tace zuma. Awo ɗaya na kakin zuma da awo uku na tarabantin sun isa haɗin asali. A narka kakin cikin kwanon da aka ɗora bisa ruwan zafi, a sauke, a yi nesa da wuta sannan a zuba man, domin yana kamawa da sauri. Dattijon kafinta ya ce zai gwada bisa ƙofar ɗakinsa kafin hunturu ya shigo.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.