Taswirar da Ba Ta Amsa Tambayar Malamin Gona

Wata al'ada ta zauna da gindinta a wurin masu ƙera manhajojin taswira domin ƙasashen Sahel. Idan abin da suka ƙera ya ƙi karɓuwa, sai su ce ma'aikata ne ba su waye ba, a shirya musu taron bita. A yi kwana uku a otal, a raba kuɗin zama da takardar shaida, kowa ya koma ofishinsa ya ɗauko littafi da biro kamar da. Baɗi a sake wani taron. Da wuya a ji wanda ya tambaya ko laifin na manhajar ne.

Alhali ma'aunin ba ɓoyayye ba ne. Ƙa'idar ISO 9241-11, wadda ta fito a 1998, ta ɗora sauƙin amfani da manhaja a kan abu uku: ko mutum ya cim ma abin da ya nufa, yawan lokaci da wahalar da ya sha, da kuma ko ya gamsu. Ta kuma ɗaure ukun ga mutum takamaimai a cikin yanayi takamaimai. Wannan sharaɗi ne ake tsallakewa. Manhajar da ke tafiya sumul a babban allo a Paris wata aba ce dabam a hannun malamin gona a Dakwaro ko Tanut, mai ƙaramar waya, intanet na zuwa yana ɗaukewa, lantarki kuwa sai an gani. Tambayarsa guda ce: waɗanne ƙauyuka ne rumbunansu za su fara ƙarewa, ina za a fara kai hatsi? Abin da ake miƙa masa kuwa tarin taswirori ne, ta ruwan sama, ta ciyayi, ta farashin kasuwa, a ce ya ɗora wannan kan waccan ya fitar da amsa da kansa. Wanda aka yi alkawarin sauƙaƙa wa yanke shawara an ƙara masa aiki ke nan.

Ba ƙarancin bayanai ne matsalar ba. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, Amurka kuma ta kafa FEWS NET a 1985, manhajar QGIS kyauta ce ga duk mai so. Tazarar da ke tsakanin bayanan da mai amfani da su ce ba a cike ba.

A nan ne ake kawo tsarin Ajayil a matsayin magani. Asalinsa mai kyau ne. A watan Fabrairun 2001 masu rubuta manhaja su 17 suka taru a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka amince cewa gara a riƙa fitar da abu ƙarami mai aiki a kai a kai, a nuna wa mai shi, a gyara, da a shafe shekaru ana bin kundin tsari. Sai dai tsarin yana tsaye ne da ƙafa ɗaya: wa ake nuna wa? A ayyukan agaji mai biyan kuɗi dabam, mai amfani dabam. Don haka duk ƙarshen zango na mako biyu, wakilin mai ba da tallafi ake nuna wa, shi kuwa abin da ke burge shi launuka ne da maɓallai masu yawa da za su yi kyau a rahoto. A yi zango ashirin ana gudu, kowanne yana ƙara nisanta manhajar daga malamin gona, sannan a kira wannan saurin amsa bukata.

Abin da ake asara ba ƙarami ba ne. Tauraron ɗan'adam yana auna koren ƙasa, bai san abin da dabba ke ci ba. A makiyayu da burtalolin jihar Maraɗi garmani ya mamaye filaye masu yawa, taswira tana nuna su kore shar, makiyayi kuwa ya san babu abincin saniya a ciki. Zama ɗaya da ma'aikacin kiwo zai fito da wannan. Idan ba a zauna da shi ba, dusar da ya kamata a kai wa garken wannan yanki sai ta bi wata hanya, taswira kuma ta zama hujjar wanda ya hana.

An taɓa yin abin daidai, kuma ba nesa ba. A yaƙin da aka yi da shan inna a arewacin Najeriya, tun wajen 2012 aka fara maye gurbin taswirorin hannu da waɗanda aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka riƙa ba ayarin masu allura waya mai GPS. Ba a nemi mai ɗiga magani ta koyi karatun taswira ba. Ta sa waya a jaka ta yi aikinta, da yamma a karɓa a sauke sawunta, a ga unguwanni da rugagen da ba a taka ba, a koma musu. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, a lokacin da take da amfani. A watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ba waya kaɗai ta yi wannan ba, amma ta yi nata rabon.

Za a ce gwaji da ma'aikatan karkara yana da tsada, ga nisa, ga rashin tsaro. Akwai gaskiya a batun tsaro. Batun tsada kuwa bai tsaya ba. Jakob Nielsen ya daɗe da nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yana tono mafi yawan matsalolin amfani da manhaja. Ma'aikata biyar daga Tawa ko Damagaram, kowa da wayarsa ta kullum, a ba shi tambaya ta gaske a yi shiru a ga inda zai maƙale: kuɗin wannan bai kai na abincin rana a taron bita ɗaya ba.