Ra'ayinmu: Wa Zai Tace Ruwan Da Ke Gangarawa Jere?

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Gwange da rani ya leƙa ƙasa, ba sai likita ya gaya masa halin da kogin Ngadda ke ciki ba. Hancinsa ma ya isa. Ruwan da ya baro Alau, kafin ya ratsa Maiduguri ya fita, ya kwashi ruwan kwatoci, da jini da ƙazantar mayanka, da sharar kasuwa. Daga nan sai ya nufi fadamar Jere, inda manoman Zabarmari da ƙauyukan kewaye ke noma shinkafa. A bakin kogin kuma da shi ake ba latas da alayyaho da tumatir ruwa, washegari a kawo mana su kasuwa mu saya.

Idan ba a manta ba, a ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni, ya cika masai ya watsa abin da ke ciki. Ba a yi wata guda ba gwamnatin jiha ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Mun yaba. Amma wannan gyaran saman kogi ne. Abin tambaya shi ne, mutanen da ke ƙasan kogi fa?

Ba alfarma ake roƙo ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, Jadawali na Huɗu kuma ya sa kwashe shara da ƙazantar ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Matsalar ita ce yawancin ƙazantar daga cikin birni take fitowa, amma a Jere take sauka. Mai zubarwa ba ya gani, mai sha kuma ba a tambayarsa, balle idan ana masa kallon baƙo duk da shekarun da ya yi yana noma wurin.

Da an ta da maganar sai a ce ai babu kuɗin gina katafariyar matata irin ta Wupa a Abuja. To, wa ya ce sai irinta? Akwai tsarin tafkuna uku a jere, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina tun da daɗewa. Na farko mai zurfi ne, a nan dauɗa ke kwantawa. A na biyu gansakuka da ƙananan halittu ke cinye abin da ya rage. Na uku bai cika wuce mita ɗaya ba, rana ce ke kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa. Cikin 'yan makonni ruwan ya isa a sake shi ga kogi ko gona. Ba ya bukatar lantarki, abin da duk wanda ya sha duhun 2021 a garin nan zai san darajarsa. Zafin rana kuwa, Allah Ya hore mana shi.

Ba mu ce ba shi da sharuɗɗa ba. Yana cin fili, dole a kewaye shi saboda yara, a yi shi inda ambaliya ba ta kaiwa, a kuma riƙa yashe na farkon bayan 'yan shekaru. Idan aka yi sakaci, wari ne zai dami maƙwabta. Kanawa sun ga abin da sakaci ya mai da kogin Jakara.

Don haka muna kira ga hukumar BOSEPA da ƙananan hukumomin birnin Maiduguri da Jere su zauna teburi ɗaya, su ƙidaya manyan kwatocin da ke zuba a Ngadda, su fara da na mayanka. A riƙa auna ruwan a inda ya shigo gari da inda ya fita, a karanta sakamakon a rediyo da Kanuri da Hausa. A wurin zaman kuma a ajiye wa manoman Jere kujera.