Kafin Ka Ɗauko Ɗan Mesa, Ɗauko Biro Ka Yi Lissafi



A 'yan kwanakin nan, idan an tashi tara, zancen kiwon maciji ya yi yawa a bakin yara maza. Wasu sun ga bidiyo a wayoyin yayyensu, Bature ya rataya mesa a wuya yana dariya. Wasu kuma gardawa suka gani ranar kasuwa. Har akwai masu cika baki cewa in suka ci karo da ɗan mesa a fadama, za su sa shi a kwali su raina shi kamar yadda ake rainon tantabara. Mu a kulob ɗin 'yan jarida ra'ayinmu shi ne: ɗan makaranta ba zai iya riƙe mesa ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Ba tsoro kaɗai ya sa muka faɗi haka ba. Lissafi muka yi, ga shi kuma mu yi shi tare.

Mu fara da girma. Mesar ƙasarmu ita ce maciji mafi girma a Afirka. Uwar tana yin ƙwai daga 20 zuwa sama, ta naɗe a kansu tana gadi har su ƙyanƙyashe. Ranar da ɗan ya fito, tsawonsa bai wuce santimita 60 ba, wato rular ajinmu guda biyu. Shi ya sa yake ba da sha'awa. Amma idan yana samun abinci, cikin shekara 5 yana iya wuce mita 2 da rabi, babba kuwa tana kai mita 3 zuwa 5. Ke nan wanda ya ɗauko shi yana aji biyu na ƙaramar sakandare, kafin ya rubuta jarrabawar fita, abin da ke cikin kwalinsa ya fi ƙofar ɗakinsu tsawo. Mesar da ake kula da ita tana wuce shekara 20 a raye. Mai shekara 13 yau zai kai 33, da mata da 'ya'ya, ita tana nan tana jiran abinci.

Sai maganar ci. Mesa ba ta cin dusa, ba ta cin ragowar tuwo, ba ta cin harawa. Dabba take haɗiyewa ɗungurungum, da gashi da ƙashi. Masu kiwonta suna ba ƙarami ɓera ɗaya duk bayan kwana 5 zuwa 7, kuma kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinsa. Mu ɗauka ɓera ɗaya ne a mako. Shekara tana da mako 52, ɓera 52 ke nan a shekarar farko. Yana ƙara girma, ɓera ya daina isarsa, sai gafiya, sai kaza, sai zomo. Babbar mesa tana iya haɗiye ɗan akuya. To kajin wa za a riƙa ba ta? Na Inna? Ranar da aka nemi zakara ɗaya a akurki aka rasa, ranar kiwon zai ƙare, mai kiwon ma sai ya yi bayani a gaban Baba.

Kama ɓeran kansa akwai haɗari. Ɓeran gida shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. An fara gano cutar a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, kuma har yau duk rani tana kashe mutane a Nijeriya. Ma'aikatan lafiya kullum cewa suke yi a rufe abinci, a nisanci ɓera. Yaron da zai riƙa kama shi da hannu sau 52 a shekara yana jawo wa gidansu abin da ya fi ƙarfinsa. In kuma aka jefa wa ɗan mesa ɓera mai rai alhali ba ya jin yunwa, ɓeran ne zai cije shi ya yi masa rauni.

Waɗanda muke gani a bidiyo ba su gaya mana duka labarin ba. Yawancin abin da suke riƙewa wata ƙaramar mesa ce da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Amurka da Turai. Da wuya ta wuce mita 1 da rabi, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi kamar ƙwallo. Masu ita suna sayen ɓeraye daskararru a kanti, su ajiye a firji. Suna da sikelin da ke auna gram, suna da littafi. Suna rubuta ranar da ya ci, da abin da ya ci, da nauyinsa, da ranar da ya yi saɓa. Tsawonsa kuwa da zare suke bi, sannan su gwada zaren a kan awo, domin ba ya miƙewa ya tsaya maka. Sun san in ya ci ba a ɗaga shi sai bayan kwana biyu, in ba haka ba ya amayar. Sun san in idonsa ya yi fari-fari saɓa zai yi, kuma zai ƙi abinci. A cikinmu wa yake da firjin da wuta ba ta ɗaukewa? Wa yake da wannan sikelin?

Ga kuma yanayin garinmu. Jikin maciji ba ya yin ɗumi da kansa, da zafin wurin da yake zaune yake tafiya. A bazara zafin ƙasar Sakkwato yana wuce digiri 40. Ɗan mesa a rufaffen bokiti ƙarƙashin kwano zai mutu kafin la'asar. Da hunturu kuma sanyi yana hana abinci narkewa a cikinsa. A daji ya san ramin da zai shiga da ranar da zai sha. A kwali ba shi da zaɓi. Dukanmu mun ji a darasin addini labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Duk dabbar da ka kulle, hakkinta ya hau wuyanka.

Wani zai ce ai mesa ba ta da dafi. Gaskiya ne. Amma tana da haƙora masu lanƙwasa, tana cizo, kuma da matsa take kisa. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata mesa irin tamu ta Afirka ta sulale daga inda aka ajiye ta, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu wa da ƙane suke barci, ɗaya mai shekara 4 ɗaya mai shekara 6, ta kashe su. Wurin da aka gina mata musamman ne ta tsere daga ciki. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenmu, me kwali zai tsare?

Abin da ya fi ba mu tsoro ma shi ne ranar kamun. Ɗan mesa yana da zane a baya, kasa tana da zane, kububuwa ma haka. A cikin ciyawa, da magariba, wa zai rantse ya bambance su? Kububuwa gajeriya ce, amma tana cikin macizan da suka fi kashe manoma a arewacin Nijeriya, har akwai asibiti na musamman don saran maciji a Kaltungo ta jihar Gwambe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gardawan da ake koyi da su manya ne, sana'ar gado suke yi, kuma su ma ba su tsira daga sara ba. Bayan haka akwai dokar ƙasa ta kare namun daji, wadda aka kafa a 1985 aka gyara a 2016, kuma mesa na cikin dabbobin da ta hana kamawa da sayarwa.

Ba muna cewa a bi ta da sanda duk inda aka gan ta ba. A fadamun Tambuwal da Kebbe, ɓerayen da take ci su ne masu ɓarnar shinkafa da gero. In ka gan ta a daji, ka ja baya ka ba ta hanya. In ta shigo gida ko makaranta, ka fita ka kira manya.

Masu cewa son kimiyya ne ya ja su, muna tare da ku a nan. Auna girman dabba mako bayan mako ilimi ne na gaske, kamar yadda ake auna jarirai a asibiti ana rubutawa a kati. Saboda haka muna roƙon Malam mai koyar da aikin gona da shugaban makaranta su taimaka mana da 'yan tsaki goma ko zomaye biyu, da sikeli ɗaya. Kowane aji ya karɓi mako guda. Duk ranar Alhamis a auna nauyi, a rubuta abincin da aka ba su, a zana jadawali a manna a wannan allo kowa ya gani. A ƙarshen zango za mu san mudu nawa na dusa ya zama kilo nawa na nama, kuma wannan lissafi zai yi mana amfani ko a kiwon ragon layya a gida.

Wanda kuma yake son ganin mesa ido da ido, ya roƙi a shirya mana ziyara gidan zu. Wanda yake son ya san cikinta da wajenta, ya dage da karatu, akwai tsangayar koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Allah ya kare mu da ƙannenmu, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin kulob ɗin 'yan jarida.