Wa Ya Kaɗa Jitar Billie Jean?

Jiya a ƙarƙashin wani rubutuna, wani abokina ya dage cewa duk abin da ke cikin faifan Thriller daga kan Michael Jackson kaɗai ya fito. Na ce to madalla, wa ya kaɗa jitar nan da ke shigowa can wajen ƙarshen Billie Jean, wadda da ka ji sai ƙafarka ta motsa? Har yanzu shiru kake ji.

Sunansa David Williams, mutumin jihar Virginia a Amurka. Ya yi soja a yaƙin Vietnam, ya dawo ya ci gaba da sana'arsa ta makaɗin haya: a kira ka situdiyo, ka kaɗa, a sallame ka. Hannunsa na cikin Off the Wall na 1979 da Thriller na 1982 da Bad na 1987. Ya kuma yi shekaru yana yi wa Madonna kiɗa.

Ya rasu ranar 6 ga Maris 2009 yana da shekara 58. Tsakani da Allah, a cikinmu wa ya ji? Ba a cika wata huɗu ba Michael ya bi shi, duniya ta tsaya cak, har mu nan muka kwana a gaban talabijin.

Na san za a ce ai Michael ne ya rubuta waƙar, Quincy Jones ya tsara aikin, shi kuwa Williams an biya shi, har sunansa na jikin faifan. Duk gaskiya ne. Amma wane irin biya? Makaɗin haya kuɗin zama ake ba shi. A Amurka in gidan rediyon AM ko FM ya sa waƙa, marubucinta da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin rubutun ne ke samun kaso, wanda ya kaɗa ko sisi. Shekara arba'in da ɗoriya ana jin yatsun bawan Allah nan a rediyo! Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sunan da ke jikin faifan kuma, yau wa ke riƙe faifai? Waƙa a waya take, hoton mawaƙi kawai kake gani.

Kada ma mu yi wa Amurkawa dariya. Mu da muka haddace waƙoƙin Shata, mutum nawa ne zai iya kawo sunan mai kalangu ɗaya a tawagarsa? Yaran da ke kwana kan fiyano a situdiyoyin Kano fa? In an yi kara a ambaci sunansu a farkon waƙa, shi ke nan an gama da su, ko da waƙar za ta sayi mota.

Abokina, ina jiran amsarka. In ka gama da jita, akwai mai ganga.