Tufa da Ishara a Fasahar Sura: Nassin da Muka Ƙyale

Mutum-mutumi biyu na Sarkin Rum Agustas sun isa hujja a kan cewa tufa da ishara ne ke ɗauke da saƙon sassaƙa. Na farko, wanda aka tono a Firima Fota a 1863, ya fito da shi sanye da sulke, mayafin jagoran yaƙi naɗe a ƙugunsa, hannun dama a sama kamar mai yi wa runduna jawabi. Na biyu, wanda aka samo a titin Labikana na birnin Rum a 1910, ya nuna shi ya ja gefen mayafinsa ya lulluɓe kai, yadda Rumawa kan yi lokacin miƙa hadaya. Fuskar ɗaya ce, amma a can yana da'awar riƙon takobi, a nan kuma jagorancin ibada. Wanda ya tsaya ga fuska kaɗai, siyasar da ke cikin dutsen ta wuce shi.

Wani zai ce sassaƙar mutum ba ta cikin fagen nazarin Hausa, tun da adonmu ya fi karkata ga zayyana da dagi. Wannan gaskiya ne a wajen gini da ɗinki. Sai dai surar mutum ta daɗe da shigowa gidanmu ta hotunan sarakuna da Turawa suka ɗauka, da bangon littattafan soyayya na Kano tun shekarun 1980, da fina-finai. Duk da haka, mafi yawan nazarinmu yana ɗaukar hoto tamkar ƙawa ce da ke rakiyar rubutu.

Abin mamaki shi ne, Bahaushe ya fi kowa sanin wannan harshe. Ba da sarauta ma naɗi muke kiransa, wato da sunan tufa. Amawali yana rufe bakin sarki don kwarjini, alkyabba tana shelar muƙami, jinjina kuwa mubaya'a ce da hannu.

Saboda haka, a ganina, wajibi ne sassan Hausa su koyar da karatun hoto yadda suke koyar da fiɗar waƙa, su kuma daidaita kalmominsa. In ba haka ba, baƙi za su ci gaba da fassara mana rawunanmu, mu kuma muna kawo su a matsayin madogara.